Wa Ke Riƙe da Littafin Turaku?

Jawabin da aka gabatar a zaman hutu na ɗalibai 'yan ƙasar Illela, wanda aka yi a Garu.



Sa'ad da aka aiko mana cewa mu ma ɗaliban ilmin kwamfuta za a ba mu fili a wannan zama, sai muka yi ta shawarar abin da za mu kawo. Waɗansunmu suka ce a yi magana a kan intanet, waɗansu suka ce a kan wayar hannu da tarbiyyar yara, tun da shi ne abin da kowa ke son ji. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wani abu ɗan ƙarami, wanda ba a jin labarinsa a rediyo, amma ya taɓa ba mu kunya a gaban manya, kuma gwanayen duniya sun yi shekaru suna jayayya a kansa. Abin kuwa shi ne, idan aka sa wa na'ura faifai ko kati, ta wace hanya manhajojin da ke cikinta ke sanin an sa shi, da wurin da aka sa shi, da ko yana nan har yanzu? Muna roƙon a yi haƙuri da mu in an ji baƙin sunaye. Ba su da yawa, kuma za mu yi ƙoƙari mu sauke kowanne a inda za a gane shi.

Duk wanda ya shiga Illela ran Lahadi ya ga samarin nan masu tebur da laima da kwamfuta, waɗanda ake miƙa wa katin waya su zuba masa fim ko waƙa ko karatun malamai. Masu kawo musu kati daga ƙauyukanmu suke, da Birnin Ƙonni, da can gaba cikin Nijar. Kowa kuma ya taɓa jin ƙorafin nan: an biya kuɗi, an koma gida, an sa kati, waya ta ce babu kome a ciki, ko kuwa fim ya yi rabi ya tsaya. A kan ce yaron ya yi cuta. Wani lokaci cutar ce, amma sau da yawa gaggawa ce kurum, watau ya zare katin tun na'ura ba ta sake shi ba. Wannan sakin, da kamun da ke gabansa, su ne tushen maganarmu.

A cikin kowace kwamfuta da kowace babbar waya akwai wata manhaja da ke zaune a ƙarƙashin sauran duka. Ana ce mata kanel, ma'anarsa ƙwayar da ke cikin ɓawo. Ita kaɗai ke taɓa ƙarfen na'ura. Manhajar kallon fim ba ta isa ta miƙa hannu ga kati ba, sai dai ta roƙi kanel ta ɗauko mata. Kanel ɗin da ke cikin wayoyin Android, da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet, sunanta Linux. Wani ɗalibi ne mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta ta a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan cikin 1991, yana da shekara 21, watau sa'ar waɗansunmu da ke zaune a nan. Shi ma kwaikwayon tsarin Unix ya yi, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka cikin 1969.

To, ga al'adar Unix, wadda Linux ta gada. Wanda ya saba da Windows ya san kowane faifai da harafinsa, wannan C, wancan D. Unix ba ta yin haka. Duk fayilolin na'ura a bishiya guda suke, jaka cikin jaka, tun daga saiwa. In aka kawo sabon faifai, sai a zaɓi wata jaka a cikin bishiyar a ce daga yanzu duk wanda ya buɗe wannan jaka, abin da ke cikin faifan nan zai gani. Mun daɗe muna neman kalmar Hausa da za ta ɗauki wannan aiki, sai muka same ta a kara. Faifai tamkar rago ne da aka kawo kasuwa. Jakar da aka zaɓa ita ce turke. Haɗa su shi ne ɗauri, raba su kuwa kwancewa. Shigo da rago cikin kara daban, ɗaure shi a turke daban, kamar yadda cusa kati cikin rami daban, ɗaurin da kanel ke yi masa daban. Kuma kanel ta kan riƙe wani sashe na abin da aka ce ta rubuta, tana jiran lokacin da ya dace ta zuba shi a kati. Sai an ce mata ta kwance sa'an nan take juye ragowar. Yaron da ya fizge kati igiya ya tsinka, ragowar fim ɗin tana hannun kanel ba ta isa ba.

Akwai abu guda game da turke da muke so a riƙe sosai. Turke yana nan ko da dabba ko babu. Jakar da aka kwance wa faifai ba ta ɓacewa, tana komawa jaka ce kawai kamar kowace, kuma za ta karɓi duk abin da aka zuba mata ba tare da ta yi tari ba.

A kan wannan muka ji kunya. Lokacin da muka je aikin koyon sana'a na wata shida, an tura mu mu uku wani ofis a cikin Sakkwato. Akwai kwamfuta guda mai Linux da ke riƙe da bayanan ma'aikata, da wani faifai na waje da aka jona mata, wanda kowane dare wata 'yar manhaja ke kwafe bayanan ranar ta zuba a ciki, don in uwar ta mutu a samu madogara. Wata rana wuta ta ɗauke, aka tayar da inji, kwamfuta ta tashi, faifan yana jone da wayarsa, fitilarsa tana ci, amma ba a ɗaure shi ba. 'Yar manhajar nan ba a koya mata tambaya ba. Kowane dare sai ta je turken ta zuba harawa, ta rubuta cewa an yi aiki lafiya. Harawar kuwa a kan faifan cikin kwamfutar take taruwa, wanda shi ne ake gudun mutuwarsa. Aka kwashe makonni a haka, ba wanda ya sani, sai ran da faifan ciki ya cika, kome ya tsaya cik ana tsakiyar shirya takardun ƙarshen wata. Da a cikin makonnin nan faifan ya lalace, da asali da kwafi sun tafi tare.

Sai aka ce to, ga 'yan jami'a, su gyara. Muka ce ai abu mai sauƙi ne, a sa manhajar ta duba jerin abubuwan da ke ɗaure kafin ta zuba kome. Muka rubuta, muka gwada, manhajar ta ce faifai ba ya nan, alhali ga shi a ɗaure muna gani. Muka wuni muna zufa. Ashe sunan da aka laƙaba wa faifan kalma biyu ne, da sarari a tsakani, jerin da kanel ke bayarwa kuwa da sarari yake raba gurabunsa, saboda haka duk sararin da ke cikin suna sai ta musanya shi da alamar \040. Mu muna neman sunan yadda aka rubuta shi a takarda, ita ta rubuta shi da nata salon. Wani tsohon ma'aikaci da bai yi jami'a ba shi ya leƙo ya nuna mana da biro. Daga ranar muka shiga binciken dalilin da ya sa jerin nan yake haka, da ko an yi wani abu a kansa.

A zamanin Unix na farko, har da shekarun Linux masu yawa, littafin turaku ba a hannun kanel yake ba. Wani fayil ne da ake kira /etc/mtab, kuma manhajar da ke roƙon a yi ɗauri ita ke ƙara masa layi in an ɗaura, ta goge in an kwance. Kamar a ce shugaban kara shi ke ɗauri da kwancewa da hannunsa, amma littafi yana wurin dillali. In wuta ta ɗauke kafin a goge layi, littafi ya ci gaba da shaidar ragon da ya daɗe da tafiya. In wani ya je wurin shugaban kai tsaye bai bi ta kan dillali ba, ga dabba a turke, littafi bai san da ita ba. Tun da waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai Linux ta buɗe wata taga mai suna /proc/mounts. Ga ido fayil ne, amma ba a ajiye yake a kowane faifai ba. Duk sa'ad da aka buɗe shi, a lokacin kanel ke rubuto abin da ta sani. Wajen 2011 manyan rabe-raben Linux suka fara mayar da tsohon /etc/mtab ɗin ya zama ɗan manuni kawai zuwa ga wannan taga. Aka huta da littafi mai ƙarya.

Amma kafin nan ma duniya ta riga ta canja. Cikin 2002 Al Viro ya shigar wa Linux wata dabara da aka aro daga tsarin Plan 9, na mutanen Bell ɗin nan dai, wadda ta sa manhajoji biyu a na'ura guda kowace za ta iya samun jerin turakunta daban. A nan misalinmu na kara ya fara gurguncewa, don ba mu taɓa ganin kasuwar da mutum biyu za su tsaya wuri guda, wannan ya ga rago a turke wancan ya ga wayam ba. Amma haka abin yake a cikin wayar da ke aljihunku. Android tana ba kowace manhaja nata ganin, don kada manhajar wasa ta kutsa inda ba a ba ta izini ba. Ban da haka ana iya ɗaura jaka guda a turaku da dama, ana iya ɗauri a kan ɗauri har na sama ya rufe na ƙasa. Tsohon layin nan mai gurbi shida ya kasa ɗaukar wannan bayani duka.

Mai saurare zai ce, a ƙara masa gurabu mana. A nan ne ake cin karo da dokar da Torvalds ya fi tsanantawa a kai, wadda ya sha faɗa da mutanensa saboda ita: kada sabuwar kanel ta karya manhajar da ke aiki lafiya a kan tsohuwa. Dubban manhajoji sun haddace cewa gurbi na biyu shi ne turke, na uku shi ne irin faifai. In aka gusar da guda, sai abubuwa su watse a ofisoshin da ba a ma san da su ba. Ga kanel, magana zarar bunu ce. Saboda haka aka bar tsohuwar taga yadda take, aka buɗe sabuwa a gefenta cikin 2008, a fitowa ta 2.6.26, mai suna /proc/self/mountinfo. Ita ta ba kowane ɗauri lamba, ta faɗi lambar wanda yake rataye a jikinsa, ta faɗi wane sashe na faifan aka ɗaura, ta bar wuri a tsakiyar layi don ƙarin da ka iya zuwa, aka sa ɗan karan layi ya zama iyakarsa.

Wannan taga ta yi aiki, tana kuma yi har gobe. Sai dai ciwo uku ya bayyana a jikinta, kuma na farkon ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba.

Littafin ba a buɗa shi a shafin da ake so. Ko labarin turke guda kake nema, tilas kanel ta rubuto maka jerin duka, kai kuma ka bi shi layi layi kana tsinkawa. A wayar hannu ko kwamfutar ofis wannan ba kome ba ne. Amma daga 2013, da manhajar Docker ta fito, sai aka shiga yayin zuba manhajoji cikin abin da za mu kira akwatuna, kowane akwati da nasa turaku, babbar kwamfuta guda tana ɗauke da akwatuna ɗaruruwa. Jeri ya tashi daga layi talatin ya koma dubbai, har cikin 2016 aka ga ya kamata a sa iyaka, aka yanka 100,000 ga kowane jeri sai in mai na'ura ya canja. Tun 2006 kanel ta iya tayar da manhajar da ke jira in an yi ɗauri ko kwancewa, amma abin da take faɗa bai wuce "an yi motsi" ba. Ba ta faɗin wane ne ya shigo, ko wane ne ya fita. Mai jira ba shi da zaɓi sai ya sake karanta littafin tun daga bango, ya gwada shi da kwafin da ke hannunsa. Bari mu yi lissafi tare, tun da akwai 'yan lissafi a nan. In za a yi ɗauri 10,000 ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan kowanne a sake karatu, to karon farko layi ɗaya ne, na biyu layi biyu, haka har zuwa 10,000. Jimla ta kama layi 50,005,000, don a gano abu 10,000 kacal. Wannan kuwa na mai jira guda ne. Manhajar systemd, wadda ke kula da tashi da kwanciyar ayyuka a yawancin kwamfutocin Linux, tana cikin masu jiran nan, kuma an sha ganinta ta cinye ƙarfin na'ura a karatun littafi, har sai da masu ita suka sa mata linzami ta riƙa jinkirtawa.

Yayyenmu ma'aikata sun san irin wannan. Akwai ofishin da in ka tambayi fayil guda sai an sauke kabad duka.

Ciwo na biyu a lambar yake. Lambar da aka ba ɗauri, da zarar an kwance shi sai ta koma cikin kwando, wanda ya zo a baya a miƙa masa ita. A ce manhaja ta rubuta cewa lamba 45 faifan albashi ne. Ta juya baya, aka kwance shi, aka ɗaura katin wani yaro, ya samu 45. Ta dawo ta ga lamba tana nan, ta ci gaba da harkarta a kan abin da ba shi ba. Malamin da ke yanka rasit a kasuwa ya san dalilin da ya sa ba a maimaita lambar rasit, ko da mai tsohon ya yaga nasa. Na uku kuwa shi ne wanda ya kayar da mu, watau rubutun kansa, da sararinsa da alamominsa, wanda kowane mai manhaja sai ya rubuta masa mai fassara, kowa kuma da irin kuskurensa. 'Yan'uwan Linux na zuriyar BSD tun farkon shekarun 1990 suke da kira na musamman da ke mayar da wannan bayani a jere cikin gurabu tsayayyu, ba a rubutun zube ba.

Gane ciwo bai yi wuya ba. Maganin ne aka yi ta ja a kansa. David Howells, wani injiniya na kamfanin Red Hat, wanda da hannunsa a sabuwar hanyar yin ɗauri da ta shiga kanel cikin 2019, ya kawo shawarar wani kira mai suna fsinfo tun 2018. Ya yi ta gyara shi yana sake kawowa. Kiran nan ya yi niyyar amsa kusan kowace irin tambaya game da faifai da ɗaurinsa, kuma girman nan nasa yana cikin abin da ya sa aka yi ɗari-ɗari da shi, don abin da ya shiga kanel ba ya fita. Babban mai ja da shi abokin aikinsa ne a kamfani guda, Miklos Szeredi, mutumin Hangari. Shi a ganinsa gara a bi al'adar Unix, a shimfiɗa bayanin cikin ƙananan fayiloli da kowa zai iya buɗewa. Cikin 2020 aka kai fsinfo gaban Torvalds, bai ɗauka ba. Szeredi ya gwada nasa dabarun cikin 2022, su ma ba su shiga ba. Kada a ɗauka wannan mutum baƙo ne a ƙasarmu, ko da yake bai san da Garu ba. Shi ya ƙirƙiro FUSE, kuma tun daga Android 11 ta wannan hanya manhajojin waya ke kaiwa ga hotuna da waƙoƙin da ke ajiye.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne yadda rigimar ta ƙare. Szeredi, wanda ya tsaya a kan fayiloli, shi ne ya dawo cikin 2023 da kira biyu ƙanana, ya bar ra'ayinsa na da, ya kuma bar faɗin da na Howells ya yi. Christian Brauner, mai kula da wannan sashe na kanel, ya karɓa aka daidaita, suka fito a Linux 6.8 ran 10 ga Maris 2024. Lahadi ce, ana cin kasuwar Illela, kuma a watan ne aka ba da umarnin buɗe iyakarmu da aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Mu nan hankalinmu yana kan ƙofar Ƙonni, ba mu san an buɗe wata ba.

Ga yadda suke aiki. Da farko an ba kowane ɗauri sabuwar lamba mai faɗi, wadda ba a sake ba kowa ita muddin na'ura ba ta mutu ta tashi ba. Wurin da aka tanadar mata yana ɗaukar lambobi har fiye da biliyan sau biliyan 18. In za a yi ɗauri miliyan guda kowace daƙiƙa, sai an haura shekara 500,000 kafin su ƙare. Kira na farko, listmount, lambobi kurum yake kawowa, na duk abin da ke ɗaure a ƙarƙashin wurin da aka nuna masa. Na biyu, statmount, ana ba shi lamba guda, a kuma zaɓi abin da ake son sani, ko sunan turke, ko irin faifai, ko an yarda a yi rubutu a kansa ko karatu kaɗai. Amsa ta kan dawo kamar fom mai gidaje, kowane bayani a gidansa, suna kuma yadda yake, ba alamar \040. Kanel ta kan kuma nuna waɗanne gidaje ta cika, don in manhaja sabuwa ta tambayi abin da tsohuwar kanel ba ta sani ba, a gane ba tare da rikici ba. Wannan shi ya ba da damar ƙari ba da karya kowa ba, an kuwa yi ta ƙarin a fitowa ta 6.11 da waɗanda suka biyo ta. Har ila yau manhaja tana iya nuna fayil guda ta tambayi lambar ɗaurin da yake kai, daga nan ta bi lambar ta san ko a faifan waje take tsaye ko a turke wayam.

Maganar "an yi motsi" ita ta rage, sai cikin Mayu 2025, a fitowa ta 6.15, aka gama da ita. Yanzu mai jira yana iya samun saƙo mai cewa an ɗaura lamba kaza, ko an kwance lamba kaza. Lissafinmu na ɗazu ya sauko daga layi miliyan 50 ya koma saƙo 10,000 da tambaya 10,000. Cikin shekarar dai tarin kayan aiki na util-linux, a fitowarsa ta 2.41, ya koyi amfani da sababbin kiran. Daga shawarar Howells ta farko zuwa nan shekara bakwai ke nan.

Gaskiya tilas mu faɗe ta: matsalar ofishin nan na Sakkwato ba ta jira 2024 ba. Akwai 'yar manhaja mai suna findmnt, da wata mai suna mountpoint, waɗanda tun da daɗewa suke amsa tambayar da muka wuni a kanta, sun kuma san da alamar da ta kayar da mu. Rashin sani ne namu, da kuma girman kan ɗan jami'a da ke ganin tambaya faɗuwa ce. Haka kuma ba mu cikin masu cewa tsohon littafi ya zama shara. Rubutu yana da wata daraja da fom ɗin na'ura ba shi da ita, domin ɗan Adam yana karanta shi da idonsa. Ran da kwamfuta ta rikice a ofishin ƙaramar hukuma, babu intanet, babu wanda za a kira, ma'aikaci zai iya buɗe /proc/self/mountinfo ya ga halin da ake ciki, kamar yadda tsohon nan ya nuna mana da biro. A nan muna ganin Szeredi na farko yana da hujja. Abin da muka yarda da shi shi ne, a bar wa mutum rubutunsa, a ba manhaja fom ɗinta, su biyun kuma daga bakin kanel suke fitowa. An kuwa bar tsofaffin tagogin duka a buɗe, bisa dokar nan ta Torvalds.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce wayarsa ta samu wannan gyara. Masu ƙera waya su kan ɗauki kanel guda su zauna a kanta shekaru, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka fi yawa a hannun mutanenmu sau da yawa kanel ɗinsu ta girmi 6.8. Kowa yana iya dubawa a saitin wayarsa, wurin bayanin waya, zai ga lambar. In ta fara da 4 ko 5, to tsohon littafi ake karantawa a ciki. Ƙananan wayoyin nan masu maɓalli kuwa galibinsu ba Linux ke cikinsu ba sam.

Ga 'yan'uwanmu masu zuba fim a kati, ban da jiran na'ura ta ce an kwance, akwai wani abu da gurbin irin faifai ke bayyanawa. Katunan da ba su wuce gigabait 32 ba yawanci da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da sarari ya yi yawa a katin. Shi ya sa wani dogon fim ya kan ƙi shiga katin da babu kome a cikinsa, a yi ta zargin kati jabu ne. Manyan katuna da tsarin exFAT suke zuwa, wanda ba shi da wannan iyaka, kuma Linux ta karɓe shi cikin kanel a 2019. Ga yayyenmu da aka damƙa wa kwamfutar ofis kuwa, in akwai manhajar da ke kwafe bayanai da dare, kada a tsaya ga rahoton da take bayarwa na cewa an yi lafiya. Gobe Litinin a cire faifan bisa ƙa'ida, a kai shi wata kwamfuta, a buɗe, a duba kwanan watan fayil na ƙarshe da ke ciki.

Mun zo da kwamfuta guda mai sabuwar kanel, ga ta can a kan tebur, da katuna biyu, ɗaya mun sa masa suna mai sarari da gangan. Bayan sallar La'asar duk mai so ya matso, za mu ɗaura, mu kwance, mu buɗe tsohon littafi da sabon fom gefe da gefe. Wanda ke son a duba masa lambar kanel ɗin wayarsa ya zo da ita da caji, don soket guda ne a ɗakin nan.